Kwarin Maje a Hannun Mudi Mai Fenti

Duk direban babbar mota da ya daɗe yana bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san rumfar Mudi Mai Fenti a Kwanar Dangora, ko da bai taɓa tsayawa ba. Tana bayan masu faci, inda ƙasa ta rine da shuɗi da ja da kore saboda shekara talatin da ɗoriya ana wanke burushi a wurin. Mudi kansa dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, kuma ba a taɓa ganin farcensa fari ba ko ranar Sallah. Ba shi da yawan fara'a. In ka gaishe shi zai amsa, in ka ja zance zai bar ka da bakinka ya koma kan aikinsa.

Aikin nasa rubutu ne da zane: allon shago, sunan makaranta a jikin katanga, lambar mota, da addu'o'in da direbobi ke so a goshin motocinsu. Amma abin da ya yi masa suna shi ne bayan mota. Lokacin da motocin katako ke tashe, direba zai kawo tasa ya ce a zana masa zaki, ko jirgin sama, ko ɗan dambe ya ɗaga hannu. Mudi zai saurare shi tsaf, ya gyaɗa kai, ya yi masa zakin ɗan ƙarami a gefe, sannan ya cike sauran katakon da gari. Kuma kullum gari ɗaya ne. Babban itacen maje a tsakiya, duwatsu biyu a baya, masallaci mai koriyar ƙubba, ɗakunan ciyawa bakwai, ɗaya mai shuɗiyar ƙofa, sai kogi ya ratsa ta gaban garin, ga mutum a tsaye cikin kwalekwale. In direba ya yi ƙorafi, Mudi ba ya ko ɗago kai. "Garinmu ne," in ji shi. "In ba ka so, akwai mai fenti a Tudun Wada."

Garin sunansa Kwarin Maje, kuma yau yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Mudi yana da shekara biyar aka kwashe su a mota, da tukwane da awaki da tsofaffi, aka juye su a kan wani tudu mai tsakuwa a gefen ruwan da ke tasowa, aka ce ga sabon gari nan, Maje Sabuwa. Uwarsa ba ta yi damina biyu a can ba ta rasu. Ubansa, manomi ɗan manomi, ya koma kamun kifi ba don yana so ba, kuma bai sake ambaton tsohon gari ba har ya bi ta. Ƙanwar uwarsa, Inna Turai, ita ta riƙe shi. Ita ma in ya tambaye ta labarin Kwarin Maje sai ta ce, "Ɗan Yaya, bar tone-tone, je ka ɗebo min ruwa." Da ya kai shekara sha biyar ya taho Kwanar Dangora ya koyi fenti, ya yi aure a nan, ya haihu a nan.

Abin da ya rage masa na garin ke nan, abin da idon ɗan shekara biyar ya ɗauka, ya kuwa riƙe shi kam. Abu ɗaya yake nema a duniya, bai taɓa faɗa wa ko matarsa Hauwa ba: wani wanda ya yi wayo a Kwarin Maje ya tsaya gaban zanen ya ce masa, haka garin yake. Dattawan garin sukan biyo ta rumfarsa in sun zo kasuwa, waɗansu daga Maje Sabuwa, waɗansu daga Kiru da Doguwa inda suka watsu. Sai ya ja su zuwa bayan motar da yake yi, ya ce, "Baba, ga Kwarin Maje." Tsoho ya dogara sanda ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Allah Sarki. Allah ya yi wa hannunka albarka." Ya wuce. Mudi yakan ji daɗi, amma daɗin ba ya cika masa ciki, don ba kalmar da yake jira ba ke nan. Da ɗai-ɗai da ɗai-ɗai tsofaffin suka ƙare, sai Inna Turai kaɗai. Ita kuwa ba ta zuwa Kwanar Dangora, manyan motoci ba sa gangarawa Maje Sabuwa, kuma fenti a wurinta wasan yara ne da ƙato ya ƙi bari. Shi ma, a gaskiya, tsoron nuna mata yake yi.

Sai zamani ya juya masa baya. Motocin katako suka ƙare, tireloli masu jikin ƙarfe suka cika hanya, su kuwa ba mai zana musu gari. Masu shago suka gano banar roba da inji ke bugawa a Kano, a kawo ta yau a nannaɗe, a rataya gobe, rana ta cinye ta kafin shekara ta zagayo. Mudi ya tsani banar nan har cikin ransa. Shi fentinsa damina bakwai yake yi bai dusashe ba, amma wa ya damu? Mutanen yanzu ko shagon nasu ba sa sa ran zai kai damina bakwai.

A cikin wannan hali ne Mu'azu ya neme shi. Mu'azu ɗan garin Ƙofa ne, ya buɗe shagon kwamfuta a bakin titi, inda ake buga takardu, a cike wa ɗalibai fam ɗin jarrabawa, a nema wa mutane aikin da babu. Ya ce iska ta yaga masa bana har biyu, yanzu fenti yake so a goshin shago. Kuma so yake a zana masa tambarin shafin binciken nan na intanet, wanda kowa ke yi wa tambaya, haruffa shida masu launi-launi, don ko daga cikin mota a gane abin da ake yi a shagon.

"Baba Mudi, ga kwamfuta can a kunne, ta bakin ƙofa. Ka duba abin da ke fuskarta ka kwafe shi yadda yake. Ni zan shiga Kano, sai jibi."

Mudi ya ja kujera ya zauna da fensirinsa. Haruffa shida ne kamar yadda aka ce, amma da saƙar zuma aka yi su, ƙudan zuma suna shawagi a kai, ga wata Baturiya mai faffaɗar hula ta rungumi amya a tsakiya. Ya yi mamaki a ransa, babban kamfani haka a ce tambarinsa zuma? To amma an ce ya kwafa yadda yake, shi kuwa ba ya ƙari ba ya ragi a aikin mutane, in ba bayan mota ba. Kwana biyu yana kan tsani. Ƙudan zuma goma sha tara ya zana, kowanne da fiffikensa, har da 'yar inuwar da hular ta yi wa matar a goshi.

Mu'azu ya sauko daga mota ranar da ya ce, ya ɗaga kai, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Baba Mudi, mene ne wannan?"

"Abin da ka ce."

"Ai wannan na shekaranjiya ne!"

Ya ja shi cikin shago ya nuna masa kwamfutar. Haruffa shida ne zalla a kan fari, ko ƙuda ɗaya babu.

"Ina matar?" in ji Mudi.

"An sauke ta. Ranar haihuwarta aka tuna, shekara ɗari da wani abu. Wata ce da ta yi bincike a kan zuma a can ƙasarsu. Haka suke yi, Baba. In ranar wani biki ta zo, ko ranar tunawa da wani babban mutum, sai su sauya tambarin na kwana ɗaya, gobe su mayar da shi."

"Kwana ɗaya?"

"Kwana ɗaya."

"Duk wannan aikin?"

Fentin dai ya riga ya kama, kuma Mu'azu, bayan ya gama masifa, ya ga abin ya yi kyau ya bar shi. Shagon ya koma Shagon Zuma a bakin kowa har yau. Matan Fulani masu zuwa daga wajen Burumburum sukan tsaya da kwalabe su tambaya ko ana saye. Mutanen Kwana suka yi wata guda suna yi wa Mudi dariya, masu faci har guna suke yi masa kamar ƙudan zuma in ya zo wucewa. Ko a jikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya buɗe rumfa sai ya leƙa shagon Mu'azu ya ga ko an sauya. Sau da yawa ba komai. Wata ranar kuma sai ya tarar haruffan sun zama kore da fari don ranar 'yancin ƙasa, ko sun zama 'yan ƙwallo, ko furanni, ko wani tsoho mai gemu yana leƙen taurari. Mu'azu ya karanta masa wane ne, daga ina, shekara nawa. Mudi yakan duba aikin da idon mai sana'a, ya yaba inda aka iya, ya yi tsaki inda aka yi ha'inci. Amma daga baya sai ya riƙa fita da ɓacin rai. Mutum ɗaya, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa, an tuna ranar da uwarsa ta haife shi, duniya duk ta gani. Su kuwa gari guda, da rijiya da kushewa da gonaki, ruwa ya haɗiye, ba wanda ya ko yi tari.

Wata safiya ya ce, "Mu'azu, tambaye shi Kwarin Maje."

Mu'azu ya buga. Shafin ya kawo wata unguwa a wata jiha, da tallan maganin gargajiya na ɓawon maje, da wani mutum mai suna Maje yana neman aiki.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Shi abin da aka rubuta yake kawowa. Ku ba wanda ya rubuta ku."

Mudi bai yi fushi da shafin ba, don bai ga laifinsa ba. Da mutanensa ya yi fushi, da ubansa da ya kulle baki, da tsofaffin da suka tafi da garin a cikinsu kamar wani abin kunya.

Shekara shida yana wannan leƙe. A ta bakwai sai ga Alhaji Ɗahiru a rumfarsa. Alhaji Ɗahiru ɗan Kwarin Maje ne ta wajen uba, amma a Maje Sabuwa aka haife shi, shekara biyu bayan tashi. Yanzu dillalin shinkafa ne a Tudun Wada, kuma shi ne shugaban ƙungiyar jikokin garin, waɗanda yawancinsu a guruf ɗin waya kaɗai suka san juna. Ya ce bana shekara hamsin da tashi, za a yi taron tunawa. Ranar tashin ba wanda ya riƙe ta daidai, an dai ce Laraba ce bayan an gama yankan dawa, saboda haka ƙungiya ta tsayar da Asabar, don ma'aikata su samu zuwa.

Mudi ya ajiye burushi. Ya ce shi zai yi wa garin irin abin da shafin nan ke yi wa mutanen duniya. Zai rubuta sunan garin, amma kowane harafi da wani abu na garin za a gina shi. Mu'azu, da yake tsaye a wurin, ya ce ranar taron zai ɗora zanen a kan kwamfutocinsa shida, duk wanda ya kunna shi zai fara gani, 'yan guruf kuma kowa ya sa a wayarsa. Alhaji Ɗahiru ya ce, "Yaya Mudi, in ka yi mana wannan ka gama mana komai."

Sati uku ya yi a kan falanki ɗaya. Itacen maje ya buɗe rassa ya zama harafin farko. Kogi ya yi lanƙwasa biyu ya zama na biyu. Masallaci da ƙubbarsa, duwatsu biyu kafaɗa da kafaɗa, sandar tuƙin kwalekwale a tsaye, ƙugiyar kifi ta lanƙwashe, duk ya sama musu gurbi, ɗakunan nan bakwai kuma suka jeru a ƙasa a bakin ruwa. Ya ƙi karɓar wani aiki. Hauwa ta gaji da ɗumama masa tuwo. Da ya gama, shi kansa ya san bai taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma ya san lokacin da yake gudu ya zo. Ba zai bari jama'a su gani ba sai Inna ta gani.

Mu'azu ya roƙa a bar shi ya ɗauki hoton falankin tukuna, don ya fara gyara shi a kwamfuta. Mudi ya yarda, amma ya ja masa kunne: kada ya fita ko'ina sai ya dawo daga Maje Sabuwa.

Da hantsi ya isa, falankin a naɗe cikin tsohon zanen Hauwa, ɗan acaba yana ta mita a kan yadda iska ke neman kayar da su. Inna Turai tana gindin darbejiya tana gyaran kifi. Ta haura tamanin, amma idonta garau, da kanta take sa zare a allura. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Lafiya lau, Ɗan Yaya. Ya Hauwa da yara? Yau ƙafarka ta tuna hanya?"

"Suna gaishe ki, Inna. Wani aiki na kawo ki duba min."

Ya jingina falankin da itace, ya yaye zanen. Da gangan bai faɗa mata ko mene ne ba. Inna ba ta karatun boko, haruffan ba za su gaya mata komai ba, shi kuwa so yake garin ya yi mata magana da kansa. Ya koma gefe ya tsuguna.

Ta wanke hannu, ta goge a zani, ta matso. Ta duba daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sa yatsa ta shafa ruwan kogin.

"Ikon Allah. Kai ka yi wannan da hannunka? Ashe dai wasan naka ya zama aiki. Kamar ka sa hannu ka ɗebo." Ta ƙara dubawa, tana murmushi. "Garin su wa ne?"



"Inna, duba da kyau."

"Na duba. Mutanen kogi ne dai, ga masunci nan. Wajen Yawuri ne?"

"Kwarin Maje ne, Inna."

Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai je ba. Ta dube shi, ta dubi falankin, ta koma ta zauna a kan tabarmarta a hankali.

"Ɗan Yaya, kwalekwale a Kwarin Maje? Mu da ko iyo ba mu iya ba? Rijiya ɗaya gare mu, sai wata ƙorama can nesa da muke zuwa tonon rairayi da rani. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin tsallakawa ba sai wanda ya zo ya kore mu. Ranar da na fara shiga jirgi a nan ne, amai na yi ta yi."

"Duwatsun fa?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna kudu, can hayin ruwa, inda duwatsun wajen Doguwa suka yi shuɗi-shuɗi. "Ga su can. Daga nan ake ganin su. Mu a kwari muke, me za mu gani?"

Masallacin, in ji ta, na ƙasa ne mai rufin azara, gajere har liman sai ya sunkuya. Majen ma ita ba ta tarar da shi ba, tun zamanin kakanta ya faɗi, suna kaɗai ya bari. Ya nuna mata ɗaki mai shuɗiyar ƙofa, ya ce wannan dai ya tuna, ɗakin uwarsa ne. 

"Asabari ne a ɗakin Yaya. Shuɗiyar ƙofa ta ɗakin shan magani ce, a nan, inda aka kwantar da ita."

 Kaji suka zo suna tsattsagar kayan cikin kifi, ba wanda ya kore su. Abin da ya fi ci wa Mudi rai ba kuskuren ba ne. Ruwan da ya cinye garin shi ya ɗauko da hannunsa ya shimfiɗa a ƙofar gidajen, ya yi masa ado, ya aika shi Legas da Maiduguri a bayan motoci shekara talatin yana cewa garinsu ne.

"Dattawan garin, su Baba Abdulhadi, duk sun gani," in ji shi. "Sun tsaya sun duba. Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

"Su ce maka me? Maraya ya zana garin uwarsa, a ce masa ba haka ba? Wa zai yi wannan rashin kara?"

"Ke ai kin faɗa."

"Ni ban san shi ka zana ba. Da ka gaya min tun farko, da na sa maka albarka na yi shiru."

Ya zaro fensir da takarda daga aljihu. Ya ce to ta faɗa masa yadda yake, akwai sauran kwana goma, zai sake. Inna ta lumshe ido, ta fara. Daga gidansu sai gidan Sadisu maƙeri, matarsa Kulsumu mai dariya har a gidan makoki. Sai gidan su Mariya da ta haifi tagwaye sau biyu. Sai wani tsoho da ba ya cin kuka. Ta yi ta jero mutane, da wanda ya auri wa, da wanda ya yi faɗa da wa a kan akuya, fuskarta ta yi haske irin wanda Mudi bai taɓa gani ba.

"Inna, gidan maƙerin gabas yake da ku ko yamma?"

"Oho. In ka fito ka ji ƙarar ƙarfe sai ka bi ta."

"Ɗaki nawa ne a gidanmu?"

"Da dai muna isa."

Har aka kira azahar tana magana. Da ya dubi takardar, da'ira ɗaya ce a kai, wai rijiya, da wani layi da ya fara ja bai san inda zai kai shi ba. Garin yana nan a cikin Inna cif, amma ba a irin surar da burushi ke kamawa ba.

Ya koma Kwana da niyyar shafe falankin da farin fenti. Tun daga bakin titi Mu'azu ya taro shi yana washe baki. Shi dai Alhaji kaɗai ya tura wa hoton, in ji shi, don ya gani, Alhaji kuma ya kasa haƙuri ya sa a guruf. Mudi bai zage shi ba. Ya wuce Tudun Wada a ranar, ya sami Alhaji Ɗahiru a gaban buhunan shinkafarsa, ya buɗe baki zai ce akwai gyara. Alhaji ya rungume shi. Ya danna waya ya kara masa a kunne. Wata mata daga Legas tana kuka, tana cewa yau ta ga inda aka binne kakarta. Wani daga Jidda ya ce ya nuna wa 'ya'yansa, sun daina cewa ba su da gari. Wani malami a Kiru ya ce zai rubuta tarihin garin ya sa a intanet da hoton, don duk wanda ya tambaya ya samu. Saƙo ya fi ɗari. An riga an aika Kano a buga bana, da riguna, da kalanda.

"Me za ka ce, Yaya Mudi? Na katse ka."

"Ba komai, Alhaji. Gaisuwa ce."

Ranar Asabar da safe ya leƙa Shagon Zuma kafin ya kama hanya. Kwamfutoci shida a kunne, kowace da Kwarin Maje a fuskarta, kogi yana ƙyalli. Wata ɗaliba da ta zo duba sakamakon jarrabawa ta tambayi Mu'azu ko yau ranar masunta ce ta duniya.

A filin makarantar Maje Sabuwa aka yi taron. Motoci har bakin ruwa, mutane sanye da riguna masu hoton zanen a ƙirji. An rataya banar a jikin katangar aji, ta fi tsawon tirela, injin ya ƙara wa shuɗin ruwan ƙarfi fiye da yadda Mudi ya haɗa shi. Inna Turai aka zaunar a kujerar gaba, ita kaɗai ce cikin taron da ta yi girki a Kwarin Maje. Aka yi addu'a ga waɗanda ke ƙarƙashin ruwa. Aka yi jawabai masu tsawo. Sannan Alhaji Ɗahiru ya karɓi lasifika ya kira Mudi gaban jama'a, ya ce ga mutumin da ya riƙe musu gari a kansa shekara hamsin. Ya share ido. Ba wasa yake ba, hawaye ne na gaske.

"Yaya Mudi, abu ɗaya nake roƙo. Mahaifina ya rasu bai taɓa ba ni labarin gidansu ba. Don Allah nuna min. Wanne ne gidan mahaifina, Sadisu maƙeri?"

 Wayoyi suka tashi sama. Mudi ya dubi ɗakunan nan bakwai da ya jera a bakin kogin da babu shi. Ya dubi Alhaji, ƙato mai furfura a gemu yana jira kamar za a ba shi gado. Ya ɗaga hannu ya ɗora yatsa a kan na uku.

Alhaji ya rufe fuska da babbar riga. Da ya samu kansa, ya taka har gaban Inna, ya durƙusa ya miƙa mata lasifika.

"Inna, ke ce shaida. Haka yake?"

Inna Turai ba ta dubi banar ba. Ɗan yayarta ta duba, ta daɗe.

"Haka yake," in ji ta.

Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, wani ya fara tafi sauran suka bi. Masu ɗaukar hoto suka matso, suka ce Mudi ya tsaya a haka, kada ya sauke hannu tukuna, Alhaji zai zo ya tsaya kusa da gidan ubansa. Ya tsaya.